Kwanon da Na Miƙa wa Job

Ni Dokas, duk matan Zumunta na cocinmu sun san magana ba ta kwana a cikina. In ka taka ni da safe, kafin rana ta take ka ji naka. Amma akwai rana ɗaya tak da ya kamata in buɗe bakin nan, na rufe shi gum, kuma shirun nan ya fi duk surutun da na taɓa yi ɓarna.

A casa'in da ɗaya, da aka yanke Taraba daga Gongola, aka kwaso maigidana Elijah daga Yola, shi da tarin takardun ofis, aka zube su a Jalingo. Akawu ne, kuma shi ke bi da nazarin Littafi Mai Tsarki ran Laraba a ƙaramin cocinmu. Muka sami fili a unguwar Kachalla Sembe, muka yi ɗaki biyu da kicin. Ruwa kuwa sai wahala. Shekara biyu ina ɗauko shi a ka, har wuyana ya nemi shigewa cikin kafaɗa, kafin na ce wa mutumin nan ko a haƙa rijiya ko in koma gidanmu.

Aka kawo mana mai haƙar rijiya, wani dogon mutum siriri, zai yi hamsin, da diga da igiya da guga. Yana buɗe baki ya gaishe mu, Elijah ya gane harshensa: mutumin dutsenmu ne. Ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Da ya faɗa, sai na ga fuskar maigidana ta canza.

A garinmu gidajen Kirista suna gindin dutse, kusa da inda mishan suka zauna tun zamanin kakanni. Can ƙololuwa kuma akwai gidan masu riƙe wuƙar tsafi, waɗanda ke yanka a kan dutse. Duk wanda ya gāji wuƙar nan, ba a ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi. Masu tsafin kansu tsoron hannunsa suke ji, mu kuma Kirista ƙyama muke yi, da tsoron ma, in za a faɗi gaskiya. Mutumin nan ya gāji wuƙar yana ɗan shekara ashirin. Shekara talatin ke nan yana cin abinci shi kaɗai, kamar mai ciwon da ake gudu. Ya ce a damina ɗaya ƙyanda ta kwashe masa 'ya'ya biyu, baƙin ciki ya kashe matar, bayan ya yanka duk akuyar da ya mallaka. Sai ya ajiye wuƙar ya gangaro, bai waiwaya ba.

Mako shida ya yi a cikin ramin nan. Da ya kai inda laka take, guga ba ya iya kwasarta, ya ce in ba shi wani tsohon kwano. Na ba shi wani shuɗi da fentinsa ya ɓaɓɓalle, gefe ɗaya ya lotsa. Da shi ya riƙa kwalfar laka yana zubawa a guga har ruwa ya ɓullo. Abincinsa kuwa a ƙwaryarsa nake zuba masa, ya je gindin mangwaro ya juya mana baya.

Elijah in ya taso ofis sai ya jawo kujera bakin ramin, yana magana ƙasa, ana amsa masa daga ƙasa. Ina yi masa tsiya ina cewa wata rana zai faɗa ciki da Littafin nasa. Ashe magana tana shiga. Kafin a gama ɗaure bakin rijiyar, mutumin ya fara zuwa nazarin Laraba, yana zama a bencin baya inda ba kowa.

Bai iya karatu ba, amma kunnensa ba ya zubar da komai. Labarin da ya kama shi shi ne na manzo Bitrus da wani hafsan sojan Roma, Karniliyus. Elijah ya bayyana mana yadda masu bi na farko duk Yahudawa ne, kuma Bayahude ba ya shiga gidan wanda ba Bayahude ba, balle ya ci tuwonsa. Amma Allah ya aiki Bitrus gidan hafsan nan, ya shiga, ya zauna har kwanaki.

Daga bencin baya aka ɗaga hannu. "Malam, ya ci da gaske? Ko ya ce ya ƙoshi?"

Aka yi dariya. Elijah ya ce ya ci da gaske.

"To da ya koma gida, 'yan'uwansa fa?"

"Sun tare shi da faɗa. Suka ce ya shiga wurin marasa kaciya har ya ci da su. Ya ba su labarin abin da Allah ya yi daga farko har ƙarshe, suka yi shiru."

Mutumin ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, "Shi ke nan, magana ta ƙare!"

Elijah ya san ba ta ƙare a nan ba. Amma ya ga murnar da ke fuskar bawan Allahn nan, sai ya rufe Littafi aka yi addu'a.

A Ista ta casa'in da huɗu aka yi masa baftisma a rafin Mayo Gwoi. Shi ya zaɓi sunan Job, don ya ji labarin wanda ya rasa 'ya'ya da dabbobi bai zagi Allah ba. Da muka dawo gida, Elijah ya leƙo kicin ya ce, "Dokas, zuba mana a kwano ɗaya."

Ba zan yi ƙarya ba, gabana ya faɗi. Abin da aka zuba maka tun kana goye ba ya fita da wanka ɗaya. Amma na zuba tuwon dawa da miyar karkashi a babban kwanon maigida, na kai musu tabarma, na koma bakin kicin ina leƙe. Job ya wanke hannu sau uku. Ya miƙa hannun, ya janye.

"Malam, ka tabbata?"

"Ci, tuwo yana hucewa."

Job ya gutsuro loma daga gefensa, ƙarama, kamar mai sata. Yana tauna hawaye suna bin gemunsa. Ni ma da na zo leƙen ko wani abu zai sami mijina, sai ga ni ina share ido da bakin zani. Ba abin da ya sami kowa, sai ƙari da suka nema.

Tun daga ranar, kowace Lahadi bayan sujada a gidanmu yake ci. Ya yi ƙiba kaɗan, ya koyi tsokana. In gishiri ya yi yawa sai ya ce, "Mama, yau an yi arhar gishiri a kasuwa ko?" In ce masa wanda bai saya ba ba ya ƙorafi. Shekara ɗaya da rabi muna haka.

A Nuwamba ta casa'in da biyar, ana saura kwana biyu bikin godiyar kaka, Baba Saleh ya sauka a gidanmu. Ƙanen mahaifin Elijah ne, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya sa shi makaranta, kuma dattijon ikilisiya ne a gida. Mutum ne mai tsoron Allah, wannan ba zan hana shi ba. Elijah bai taɓa ɗaga ido ya dubi tsakiyar idonsa ba.

Ran Asabar da safe matan Zumunta suka bi gida gida suna tara kwanuka don abincin taron gobe. Kowace mace tana da alamar fenti a gindin nata don kada su ɓace. Tawa ja ce. Na kwashe duka na ba su, na bar babban kwanon maigida da ƙaramin da nake ci ni da 'yata Rejoice.

Da rana tsaka, tuwo na kan wuta, sai ga Job ya yi sallama, ya sa rigarsa ta zuwa coci, da farin zakara a hammata. Wayyo, Job! Mutumin da ya yi shekara talatin yana yanka zakaru a kan dutse, ya rasa abin da zai shigo da shi gaban Baba Saleh sai zakara. Ya durƙusa ya yi gaisuwa da yarenmu. Baba ya dube shi, ya dubi zakaran, bai amsa ba. Ya miƙe ya ce, "Elijah, zo." Suka shiga ɗaki.

Tagar ɗakin tana kallon kicin, na ji komai, na ga komai. Baba ya tuɓe riga ya juya baya. Ban taɓa ganin bayansa ba sai ranar: tabon bulala ne a jere, sun yi fari, daga kafaɗa har ƙugu.

"Ka san wa ya yi mini wannan? Uban mutumin can, ranar da na ƙi durƙusa wa dutse. Ka san wa ya riƙe igiyar da aka ɗaure ni? Shi, yana ɗan samari. Uwata ta mutu ba ta ci tuwon hannuna ba, don na ce ba zan taɓa naman yankansu ba. Da wannan muka sayi sunan Kiristan da kuke yawo da shi a birni. Yanzu an ce mini kowace Lahadi hannunka da nasa a kwano ɗaya."

"Baba, an yi masa baftisma."

"Na ji. Ban ce Allah bai karɓe shi ba. Allah cikinsa da faɗi, nawa ƙarami ne. Ya hau dutse ya ƙone tarkacen gidansu a gaban dattawa, ya zauna a ƙarƙashin koyarwa shekaru kamar yadda muka zauna, sannan a yi maganar kwano. Mu da muka sha wuya kafin mu shiga, shi zai shigo jiya ya zauna a tsakiya? In ya sa hannu, na cire nawa, kuma ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba."

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na san da haka. Ban ji haushin tsohon ba a lokacin, tausayi ma ya ba ni.

Elijah ya shigo kicin. Bai dube ni ba. Ya ce a hankali, "Zuba wa Job nasa daban. Yau kawai."

A nan ne ya kamata in ce masa a'a. Ni da nake tare mahauci in ya rage mini awo, ni da na taɓa gaya wa matar fasto gaskiya a gaban jama'a. Sai na yi shiru na fara neman kwano. Babu. Duk suna coci da jan fentinsu. Namu ni da Rejoice tuni yarinyar ta fita da shi wurin maƙwabta kai musu ɗanɗano. Idona ya faɗa bayan randa, ga wani shuɗin kwano a kife. Na san ko wanne ne, kada in ce ban sani ba. Na ce a raina ai kwano kwano ne. Na goge shi da toka, na wanke da sabulu, na zuba tuwo na malala miya da yawa, har da kan kifi, wai don in rufe kunya.

Job ya riga ya wanke hannu, yana zaune a inda ya saba zama a tabarma. Na ajiye babban kwano tsakanin Elijah da Baba. Sannan na ajiye shuɗin a gabansa, na ɗan tura shi gefe.

Ya dubi babban kwanon. Ya dubi Elijah, wanda ya kafa ido a tuwo kamar an rubuta masa wani abu a kai. Sannan ya jawo nasa, ya juya shi a hankali, babban yatsansa ya sami wurin da ya lotsa, ya tsaya a kai.

"Mama, na san wannan," ya ce, yana murmushi. "Abokin aikina ne."

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki kwanon ya tafi gindin mangwaro, ya juya mana baya, ya cinye tas. Ya ja ruwa a rijiyar da ya haƙa, ya wanke shi, ya mayar bayan randa ya kife. Ya yi godiya, ya ce wa Baba a sauka lafiya. Zakaran ya bar shi a ɗaure a gindin bishiya. Baba ya ce kada a yanka shi a gidan nan yana nan, sai muka kai coci cikin kayan godiya.

Lahadin da ta biyo, Baba ya riga ya koma gida. Na tuƙa tuwo na zuba a babban kwano, ina ta sauri kamar wadda za ta goge abin da ya faru da ludayi. Job ya zo. Ya kwance wani ƙyalle ya fito da tsohuwar ƙwaryarsa ya miƙo mini.

Elijah ya ce, "Haba, Job! Ajiye wannan, zo mu ci."

"Bari, Malam. Kada in shiga tsakaninka da mahaifinka. Abin da ya faɗa gaskiya ne, ni na riƙe igiyar. Kada ka damu, na saba."

"Na saba" ɗin nan har yau tana yi mini zafi a ƙirji. Elijah ya roƙa, na roƙa, har na yi masa faɗa, ya dai tsaya da ƙwaryarsa a hannu yana murmushi. Lahadi uku yana zuwa yana ci a gindin mangwaro. A coci ya koma bencin baya. Ta huɗu bai zo ba. Aka ce ya bi wata motar doya zuwa garin Mutum Biyu, wai can ana neman masu haƙar rijiya.

Ranar na sauke wa Elijah kwandon masifa. Na ce masa malamin Laraba ne kawai, ran Asabar ba a same shi ba. Na ce ya koya wa mutum ya daina jin tsoro sannan shi ya gudu ya bar shi. Ya bar ni na gama, ya ce, "Ni na ce daban. Ban ce kwanon laka ba." Kowannenmu ya faɗi gaskiya, kuma ba wadda ta yi wa wani amfani.

Bayan 'yan kwanaki, da yamma ina tsince wake, ya zauna kusa da ni da Littafi a rufe a cinya. Ya ce akwai sauran labarin Bitrus da bai gaya wa Job ba. A wani gari, Antakiya, Bitrus yana ci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, lafiya lau, har ranar da waɗansu 'yan'uwa suka zo daga Urushalima. Yana ganinsu sai ya janye jiki ya ware, waɗansu ma suka bi shi, har manzo Bulus ya tsaya ya yi masa faɗa a gaban kowa.

Na ce, "Mugaye, su waɗanda suka zo ɗin."

Ya girgiza kai. "Dā haka nake koyarwa. Dokas, mutanen nan an kashe kakanninsu saboda sun ƙi cin abin da shari'arsu ta hana. Da ƙin cin nan suka riƙe sunan Allah ɗaruruwan shekaru a tsakiyar masu gumaka. Sai rana ɗaya a ce musu su matsa, ga sojan ƙasar da ta danne su zai sa hannu. Ba mugunta ba ce duka. Su ma suna da tabo a baya."

"To waɗanda aka tashi aka bari da abinci a gaba fa? Su waye? Me suka ce?"

"Ba a rubuta ba."

Ba a rubuta ba! An rubuta wanda ya tashi, an rubuta wanda ya yi faɗa, amma wanda ya wanke hannu ya zauna yana jira, ko sunansa babu. Ni na ga fuskar irinsu, a tsakar gidana. Allah ya buɗe wa mutum ƙofa, mu muka tsaya a bakinta. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Za ku ce me ya sa ba mu bi shi a makon ba. Ni ma na tambayi kaina. Kunya ce, da sai gobe, sai an yi albashi, sai damina ta wuce. Sau biyu muka aika gaisuwa ta bakin direba, sau biyu aka dawo mana da cewa yana lafiya, yana gaida Mama. Muka riƙe wannan muka kwanta a kai fiye da shekara.

A Fabrairu ta casa'in da bakwai wata mata mai suna Esta, mai kawo busasshen kifi daga Mutum Biyu, ta neme ni a coci. Ta ce Job a ɗakin bayan gidansu yake zaune, kuma ba shi da lafiya. Wani ciwo ne a maƙogwaro, an kai shi asibiti an dawo da shi. Dā kunu yana wucewa, yanzu shi ma da ƙyar.

Washegari da sassafe na tuƙa tuwon dawa, na yi miyar karkashi, na auna gishirin da kyau. Na zuba a babban kwanon maigida, na rufe, na ɗaure da zani. A cinyata ya zauna tun daga tasha har Mutum Biyu, yana ƙona ni ta cikin zanin, ban ba kowa ya riƙe mini ba.

Esta ta tare mu a ƙofa. Ta ga kwanon ta ce, "Ayya, Mama. Ko lokacin da yake iya ci, maigidana ya yi ta fama da shi ya zo su ci tare, ya ƙi. Yana cewa irinsa ba a ci da shi. Mu ba mu san dalili ba."

Mu mun sani.

Yana kwance a tabarma, ya zama ƙashi da fata, diga da igiya a jingine a kusurwa, ƙwaryar a kife kusa da kansa. Da ya gan mu sai ya yi ƙoƙarin tashi. Elijah ya tallafe shi ya jingina shi da bango, sannan ya durƙusa a gabansa, babban mutum da rigar ofis, ya ce, "Job, na yi maka laifi, kuma na ɓoye maka rabin labari." Ya gaya masa na Antakiya duka, bai rage ba.

Job ya saurara ido a rufe. Muryarsa ta dushe, sai ka matso kake ji.

"Bitrus ɗin, ya dawo?"

"Ba a faɗa ba a wurin."

Ya yi 'yar dariya, ta zame masa tari. Da ya lafa ya ce, "Kai dai ka dawo." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Zakaran nan na Baba ne. Na ji ya zo, na ce bari in je in ce ya yafe mini igiyar. Ban san me ake kai wa mutum ba in ba zakara ba. In ka je gida ka gaya masa."

Na kwance zanin na buɗe kwanon. Tuwon ya huce, miyar ta yi kauri. Na ce, "Job, ni na ɗauko wancan kwanon, ba Malam ba. Na san ko wanne ne." Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce in ba shi ruwa.

Na zuba masa ya wanke hannu, sau ɗaya. Elijah ya wanke nasa. Job ya miƙa hannu, wannan karon bai tambayi kowa ba, ya gutsuro loma daga tsakiyar tuwon, ya mulmula ta, ya dangwali miya, ya kai baki. Muka ga ya yi ta fama. Maƙogwaron ya ƙi. Hawaye suka cika masa ido don azaba, na miƙa masa tsumma ya tofar da lomar a ciki. Ya zauna yana numfashi.

Sai ya sake gutsuro wata, ya dangwala, ya miƙa wa Elijah. "Malam, ci mini."

Elijah bai karɓa da hannu ba. Ya sunkuya ya ci daga yatsun nan da duk dutsenmu ke tsoro. Job ya dube ni ya ce, "Mama, ke ma sa hannu." A garinmu mace ba ta ci da maza. Na sa. Muka cinye tuwon nan mu biyu, muna kuka muna haɗiya, shi kuma ya ɗora hannunsa a bakin kwanon bai ɗauke ba har muka gama.

Ya tambaye ni ko yanzu gishiri ya yi tsada, don bai ji shi a harshe ba. Na ce masa wanda bai saya ba ba ya ƙorafi.

Kwana tara bayan haka ya rasu. Elijah ya je gida ya isar wa Baba Saleh saƙon zakara. Ya ce tsohon ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce Allah ya ji ƙansa, ya shiga ɗaki. Ko ya yafe ko bai yafe ba, bai gaya wa kowa ba.

A Mutum Biyu aka binne Job. Mutanen cocinsu Esta sun yi ƙoƙari, da waɗanda ya haƙa wa rijiyoyi, Kirista da Musulmi, sun cika gidan. Bayan an dawo daga kabari aka fito da abinci a manyan kwanuka, maza shida-shida, bakwai-bakwai, kowa ya matsa wa na kusa da shi, har da masu wucewa da ba su san sunan mamacin ba. Ba wanda ya tambayi wani ɗan wane gida ne. Aka kira Elijah, ya wanke hannu ya zauna a cikinsu. Ina kallonsa daga wurin mata har aka ɗauke kwanon, bai iya kai ko loma ɗaya baki ba.